Sirdin Keken Maƙwabcina

Shekarun baya, lokacin da aka hana hawa babur a Potiskum saboda matsalar tsaro, kowa ya bazama neman keke. Ni ban nema ba, akwai guda a zaurena. Na maƙwabcina ne, wani malamin makaranta ɗan Binuwai da muka daɗe katanga ɗaya a unguwar Dogo Nini. Da abubuwa suka yi tsanani ya kwashe iyalinsa ya tafi gida, ya ce in riƙa hawa kafin ƙura ta lafa ya dawo.

Tsohon keken tsere ne, taya siririya, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Matsalar ita ce mutumin dogo ne, ni kuwa ko a sahun sallah sai an duba ake ganina. In na hau sai na yi ta karkata dama da hagu kafin ƙafata ta taɓo feda. Kafin in isa wurin aikina, can wajen kasuwar shanu, ƙugu ya riƙe, wuya ya sage.

Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran keke. Ya riƙe mini, ya ce in hau in ɗora diddige a kan feda. Ƙafar ba ta kai ba.

"Malam, sirdin nan za a sauke, yatsa huɗu," in ji shi.

Na ce a'a, amana ce, yadda aka ba ni zan mayar.

"Noti ɗaya ne fa."

Na ce a bar shi dai.

Daga nan na shiga gwaje-gwaje, ina son in ga ko akwai wata dabara. Matata ta ɗinka wa sirdin ɗan matashi, ashe tsawo na ƙara masa. Na naɗa soso a kan keken, wurin riƙewa. Daga ƙarshe na ɗaure katako a kan fedojin, magidanci da ni, kuma har ina jin na yi basira.

A lokacin, in ka tunkari shingen jami'an tsaro, tun daga nesa kake sauka ka tura. Wata safiya na ja birki, ƙafata na laluben ƙasa, bakin wandona ya maƙale a katakon. Na kife, kular abincina ta gangara ta nufi shingen. Da na ɗago ido, bindigogi na gani suna kallona. Ban san iya lokacin da na yi a kwance ina salati ba. Da suka ga tuwo ne, ɗayansu ya zo ya daɗe yana kallon fedojin.

"Baba, ka gyara keken nan. Gobe ba lallai a tsaya dubawa ba."

Da rana na kira maƙwabcin nawa na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari.

"Haba maƙwabci, wannan ma sai ka tambaye ni? Sauke shi mana."

Na ce zan sa a yi alama a jikin ƙarfen sirdin, in ya dawo a mayar masa daidai. Sai ya ce:

"Kada ka wahalar da kanka. Na samu canjin wurin aiki, yara ma sun shiga makaranta a nan. Keken ya zama naka."

Washegari dattijon ya ɗiga kananzir saboda tsatsa, ya kwance notin, ya sauke sirdin. Diddigena ya zauna daram. Abin bai kai minti biyar ba.

Yanzu in na tuna, nakan ga ba amana kaɗai nake tsarewa ba. Muddin sirdin na sama, a raina mutumin yana hanya. Ranar na taka keken har gida babu ciwon ƙugu, babu na wuya, na kuma wuce ƙofar gidansa ban iya juyawa na kalle ta ba.