Ƙofar da Jikata Ta Manta a Wara

Mun tashi da asuba daga Yelwa, ni da jikata, tana rungume da jakar kwamfuta kamar mai jego. Aikinta na farko ke nan ita kaɗai, a kansa za a ɗauke ta ko a sallame ta. Ubanta ya ce ba ta zuwa Wara sai da babba. To, ni ce babba.

Hanya ta yi mana kirki har Birnin Yauri, daga nan ramuka sunka karɓe mu. Mota na rausaya, ina gyangyaɗi ina farkawa. Na ga fararen shanu a burtali, gero hagu da dama, ba wadda ta kai baki. Mun sha fura wurin wata Bafillata. Nonon da tsada, amma ba ta yi masa ruwa ba.

Da hantsi tafki ya bayyana, shimfiɗe, shiru. Ƙauyen da anka haife ni yana ƙarƙashinsa tun shekarar da anka datse kogi. Na daɗe ina kallo, har na ji kamar sautin daka na tasowa daga cikin ruwa.

Wurin aikin wani ƙaramin asibiti ne. Mai shi ya dubi yarinyar sama da ƙasa.

"Ke ce injiniyar? In la'asar ta yi bai gyaru ba, sai kamfaninku ya turo mini wani."

Ta nuna mini akwatin ƙarfe a bango, suwic sunansa. Ramuka jere, igiyoyi a ciki, korayen fitilu na ƙyaftawa kamar na masunta daga nesa.

"Kaka, duk hanya ɗaya suke bi. Saƙon likita, na ɗakin magani, da wayoyin 'yan jinya masu kallon fim. Shi ya sa na likita ke makara. Zan ba kowa burtalinsa, bilan ake ce masa. Kowane saƙo da lambarsa, kamar tsagar kunnen saniya, ko sun haɗu a babbar igiya ba su cakuɗewa."

Na zauna bisa tabarma, tana ta latse-latse, iskar tafki na shigowa da ƙamshin bandar kifi. Can bayan azahar na ji yatsunta sun tsaya.

"Na rufe kaina waje, Kaka. Ramin da na jona kwamfutata na jefa shi burtalin 'yan jinya. Akwatin ya daina jin maganata."

Mai asibiti ya leƙo, ya dubi agogo, ya koma.

Ban san boko ba, sai na ba ta abin da nake da shi. Na ce, "Kakanki mutumin ruwa ne. Shekarar da anka maido mu tudu ya ga manoma na shinge, shi ma ya kewaye gonarsa da ƙaya, yana daga ciki, bai bar ƙofa ba. Rana ta take, sai kirana yake."

"Ya ya fita?"

"Ta inda bai riga ya danne ƙayar ba."

Ta yi dariya har da hawaye. "Tsohuwa, ni ma ban danne ba. Ban adana aikin ba tukuna."

Ta sanar da likita, ta kashe akwatin, ta kunna. Fitilu sunka dawo ɗaya bayan ɗaya, akwatin ya manta duk abin da ta gaya masa. Ta sake daga farko, amma wannan karon nata ramin ta fara warewa. Ladan bai kira la'asar ba sai ga saƙon likita ya isa ɗakin magani kafin mai kai takarda ya sa takalmi. Mai asibiti ya aiko mana da kifi, ya ce da ita "Injiniya", ba tambaya a ciki.

Mun iso Yelwa ana kiran magariba. Abin da na koyo, mai raba wa mutane hanya ya fara sanin ta inda shi zai fita. A mota ta yi barci bisa kafaɗata, ni ko ina kallon ruwa yana ja baya. Tun ina amarya nake yi wa malam, kakanta, dariyar shingen nan, har ya koma ga Allah. Ashe jikarsa ya yi wa shi.