Kaza a Kan Tozon Sa

A bazarar da matata ta yi haihuwar fari, ni tela ne a bakin kasuwar Matameye, da keken ɗinki ɗaya da rumfar kwano mai zafi kamar tanda. Tun da cikin ya tsufa iyayenta suka ɗauke ta zuwa gidansu a can ƙarshen gari, suka bar ni da ɗaki fayau. Saboda haka in na tashi daga aiki ba na komawa gida. Ƙofar gidan Baffa nake zuwa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe mu tun rasuwar babanmu.

Baffa malami ne, kuma ya san lissafin taurari. Da zarar zafi ya tsananta, manoman Kurni da Dawce sukan biyo ta wurinsa bayan cin kasuwa su tambayi tauraron da ake ciki. Ba ya yanka musu ranar ruwa, yakan ce wannan sanin Allah ne. Sama kawai yake nuna musu, ya gaya musu inda shekara ta kai.

Ranar nan an idar da sallar magariba, an baje tabarmi, ja bai gama gushewa a yamma ba. Baffa ya ɗaga sandarsa ya ce, "Ku dubi can ƙasa-ƙasa, daidai kan gawon nan. Kun ga wasu 'yan ƙanana sun cure wuri ɗaya? Larabawa na ce musu Surayya. Asalin kalmar daga yalwa take, aka ƙanƙanta ta don so, kamar ka ce 'yar yalwa. Wasu sun ce don suna da yawa a ɗan ƙaramin wuri, wasu sun ce don albarkar ruwan da ke zuwa a zamaninsu. Duk wannan gefen na sama burujin Sauru ne, wato sa, su kuma suna zaune a kan tozonsa."

Wani manomi ya ce shi dai bai ga sa ba, ko wutsiya.

"Ga idonsa nan," in ji Baffa, "jan nan da ke samansu. Sunansa Dabaran, mai bin baya. Larabawan zamanin da sun ce ya nemi auren Surayya ta ƙi shi don ba shi da komai. Sai ya je ya tara 'yan taguwoyi, wato raƙuma mata, su ne ƙananan nan da ke kewaye da shi, ya koro su ya biyo ta. Ta fito ya fito, ta faɗi ya faɗi, har yau bai cim mata ba."

Ana cikin dariyar wannan bawan Allah sai ga ƙanwata da sauri. Ta durƙusa a gefen tabarma ta ce, "Baffa, an aiko. An sauka lafiya. Mace ce."

Kowa ya ɗauki barka da addu'a. Ni kuwa a wurinmu uba ba ya nuna murnar ɗan fari a gaban manya, don haka na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa da tsinke, kamar akuyar wani aka ce ta haihu. Na ɗan jima, na miƙe a hankali, na yi sallama cikin natsuwa. Ina shan kwana na zuba da gudu. Ban san inda na nufa ba. Na gaida wani jaki da ke ɗaure, na saya wa yaran unguwa alewa, na rungumi mai shayin tasha wanda ko gaisawar kirki ba mu taɓa yi ba. A nan ne ya nuna mini ƙafafuna: takalmi ɗaya nawa, ɗaya na manomin da bai ga sa ba.

Tun daga wannan gudu sunan Surayya ya maƙale mini a kai. 'Yar yalwa. Washegari a rumfa na ɗinke aljihun rigar wani Alhaji ruf, na kuma sa wa wandon wani ɗan lakwal, wato ɗan makaranta, hannun riga. Da yamma abokina ya raka ni gidan surukai, aka miƙo mini ita cikin zane, 'yar mitsitsiya, ta dunƙule hannu kamar mai shirin dambe. Da ɗakin ya ɗan rage mutane na raɗa wa matata sunan da ma'anarsa. Ta maimaita shi a hankali, ta yi murmushi ta ce, "Ya yi daɗi. Amma ai ba kai za ka zaɓa ba."

Gaskiyarta. Baffa ne mai huɗuba, kuma gida duka an san sunan mahaifiyarsa zai mayar, wato kakata. Ni ba ni da bakin da zan tunkari Baffa da zancen. Amma Kaka abokiyar wasata ce, tun ina yaro take ce mini mai gidanta, muna faɗa a kan ƙosai. Na sayi goro fari manya na tafi sashenta bayan magariba, na tarar tana kora kajinta akurki.

Na yi ta kewaye-kewaye har ta gaji ta ce, "Mai gidan, goron nan ya fi ƙarfin gaisuwa. Me ka ɓata?"

Na faɗa mata. Ta tsaya da masaki a hannu. "Wato a ture sunana a sa na wa? Wace ce wannan ɗin? 'Yar wane gida ce?"

Na ce tauraruwa ce, na kama hannunta na kai ta bakin katanga inda ake hango yamma. Na nuna mata, ina ta jero abin da na ji a bakin Baffa, har da tozo da taguwoyi. Ta kare ido da tafin hannu, ta duba, ta sake dubawa. Sai na ji kafaɗarta na rawa. Kafin in ankara ta zauna daɓas a kan turmi tana dariya har da tari.

"Kaza!" in ji ta. "Jama'a ku fito ku ji! Kaza da 'ya'yanta ce! Yaron nan zai cire sunana ya sa wa 'yarsa kaza!"

Matan gida suka firfito, wata da muciya a hannu. Kowacce ta leƙa sama sai ta dafe ciki. Ni ma tun ina ƙarami na san kaza da 'ya'yanta, a tsakar gidan nan aka nuna mini su, amma da aka naɗa musu rawanin Larabci ban gane su ba sam. Na so in ji kunya, sai dariya ta ci ƙarfina, na zube kusa da turmin muna yi tare.

Kaka ba ta tsaya nan ba. Ta yafa mayafi ta nufi zaure, mata na biye da ita, ni ina can baya. Ta leƙa ta ce, "Malam, zo nan. Kai ka koya wa yaron nan cewa kazata ta hau tozon sa?"

Baffa ya taso yana gyara hula. Da ya gane zancen ya kalle ni ta wutsiyar ido, na yi kamar ina neman wani abu a ƙasa. Ya ce, "Inna, ai duk abu ɗaya ne. Kowace al'umma da abin da ta gani. Larabawa masu raƙuma ne, suka ga mace da mai nemanta da taguwoyi. Masu zana buruji suka ga sa. Mu da muke tashi da kaji a tsakar gida muka ga uwa ta tara 'yan tsakinta."

"To jan nan na bayanta fa, da ka ce manemi ne? Shirwa ce. Haka uwata ta gaya mini a Kurni. Kullum tana bin su, ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya ba, don uwar ba ta barci."

"Wannan kam ban gan shi a littafi ba, Inna."

"Littafin naka bai zo Kurni ba ne."

Manoman da ke kan tabarma suka goyi bayanta gaba ɗaya. Wanda na tafi da takalminsa, da ya dawo karɓa, ya ce shi ma yanzu ya ga shirwa sarai, sa ne dai har yanzu bai bayyana ba. Baffa ya nuna musu wata mai haske can sama, ya ce tsinin ƙaho ce, sunanta ma na nufin mai tunkuyi. Kaka ta ce in dai mai tunkuyi ne to ya yi nesa da kajinta.

Da hayaniya ta lafa ta zauna a bakin zaure tana share hawayen dariya. Ta ce takwarorinta a dangi sun riga sun yi yawa, in an kira ɗaya sai gida ya amsa gaba ɗaya, ta gaji da waiwaye. Sannan ta ce da kaza guda ta shigo gidan nan tana amarya, kyautar gwaggonta. 'Ya'yan kazar suka zama akuya, awakin suka yi ta haihuwa, da su aka yi wa Baffa kayan tafiya karatu. Ta dube shi ta ce, "Ka ce sunan na nufin yalwa? To ni ban ga inda suka saɓa ba. Ka sa mata. Ku ku kira da Larabci, ni na san abin da zan kira ta."

Ban san sanda na rungumi ƙanwata na ɗaga ta sama ba, a gaban Baffa, a gaban baƙi. Ya yi gyaran murya ya juya baya, amma na ga gemunsa na motsi.

Ranar suna da safe aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka faɗa wa sanƙira sunan ya shelanta. Bai taɓa jin sa ba, sai da ya tambaya aka maimaita masa. Yana ɗaga murya aka ji guɗa daga cikin gida, a bayanta kuma muryar Kaka tana yi wa mata fassara. Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Duk matar da ta zo barka da sabulu ko turmin atamfa sai ta haɗo da ɗan tsako, wata a cikin ƙwarya, wata a ƙulle a bakin zane. Surukata ta rasa inda za ta sa ƙafa, ta aiko a gaya mini in zo in kwashe dangin 'yata.

Ban kwashe su ba sai da matata ta gama wanka za ta dawo ɗakinta, lokacin ruwa ya sauka, gari ya yi kore. Ita da jaririya da gwaggonta suka shiga mota, ni aka bar ni da kwandon kaji a bayan babur ɗin kabu-kabu. Sun girma sun yi ƙarfi, suna ta bugun murfi. Daidai bakin kasuwa muka faɗa wani rami mai ruwa, igiya ta tsinke, suka watse ko'ina, wasu ƙarƙashin teburin mai nama, wasu cikin buhunan barkono. Masu rumfuna suka bar ciniki suka taya ni kamu, kowa na ihu, Alhajin da na ɗinke wa aljihu ya cafko ɗaya da babbar rigarsa. Na isa gida jiƙe da taɓo har gwiwa, kwando a ka, wata budurwar kaza a hammata. Matata na tsaye a ƙofar ɗaki da yarinya a kafaɗa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in ajiye su in wanke hannu kafin in taɓa mata 'ya.