Littattafan Malama Rabi a Hannun Mai Ƙosai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata muna tsaye da yara a layin safe ƙanin Malama Rabi ya bugo mini waya: "Anti Hauwa, Yaya Rabi ta cika." Wata malamar ce ta shigar da yaran aji.

Mun daɗe tare a wata makaranta a unguwar Magajiya, ita aji ɗaya, ni aji biyu. Duk abin da Malama Rabi za ta koyar sai ta mai da shi waƙa. Ƙa'idarta layi huɗu, kowane layi a faɗe shi da numfashi guda, yara suna tafi. In yaro ya yi tuntuɓe sai ta goge allo ta ce, "Ba laifinsa ba ne, baitin ne ya yi masa nauyi." Wanda ya zauna a bakin yara kaɗai take shigarwa littafinta. Littafi shida ta cika.

Sai aka kawo sabon hedimasta, ya ce iyayen nan ma'aikatan Abuja ne, Turanci suke so, ba tafi da Hausa ba. Ta ce masa, "Yallaɓai, da bakin uwarsa yaro yake fara ƙirga." Ya hana. Ta kulle littattafan a kabad ɗin aji, ta koma rera musu lokacin hutun tara.

Hedimastan nan ne wai ya miƙe ranar sadakar uku yana cewa an yi rashin fasihiya! Bayan kwana biyu na sayi ƙosai a Gauraka, na buɗe takardar, wallahi rubutunta ne, mai ya jiƙa shi:

Kaza tana da ƙafa biyu,
Akuya tana da huɗu,
Kifi ba shi da ko guda,
Ya bar mu nan a tudu.

Ashe tana kwance asibiti ya sa aka fasa kabad ɗin aka kwashe littattafan, wai shara ce. Mai ƙosan ta ce, "Hajiya, ai tun wancan makon nake naɗi da su." Shafi tara na karɓo. Tara, cikin littafi shida! Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yafe ba.

Na sayi sabon littafi. Duk wanda ya taɓa zama a ajinta, don Allah ya zo ya rera mini abin da ya tuna, ko layi ɗaya ne, in rubuta.

Allah Ya jiƙan Malama Rabi, Ya haskaka kabarinta, Ya ba mijinta da 'ya'yanta haƙurin rashinta. Ni ma Ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu tafasa take yi.