Takardar da Surukina Ya Aiko Mini

Shekara uku ke nan da rasuwar Malam Ɗahiru, mahaifin matata Binta, kuma har yau in na iso ƙarƙashin gadar saman da ke hanyarmu ta zuwa Babbar Kasuwa, sai in ji hannuna ya ƙara wa babur wuta.

Kafin a yi gadar, wata ƙatuwar bishiyar bedi ce, wato dogon yaro, a wurin, nan dattawan unguwa ke zaman majalisa. Malam dillalin hatsi ne, da ciwon gwiwa ya raba shi da kasuwa sai gindin bedin nan ya zama masa kasuwa. Da aka sare ta, sauran dattawa kowa ya koma zaurensa yana tsine wa zamani. Shi kuwa ana kwashe kayan aiki ya ɗauko tsintsiya ya share tsakanin ginshiƙai biyu na gadar, ya shimfiɗa tabarma, ya girke randa da moɗa. Aka yi ta yi masa dariya, ya ce, "Inuwa anka ɗauke muna, inuwa anka maido. Wagga ko ganye ba ta zubarwa."

Ba a yi wata biyu ba masu dariyar suka lallaɓo da tabarminsu. 'Yan dara suka haƙa gurabensu a gefe. Matan da suka taso daga kasuwa kan sauke kaya su sha ruwa. Baba Yakubu, wani malamin makaranta ɗan Filato da ya yi ritaya, shi ke zuwa da rediyo, su wuni shi da Malam suna musu a kan labaran duniya.

Ni kaɗai ne ban taɓa zama ba. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa in gaishe shi, kaina a ƙasa, in yi gaba. Haka aka tarbiyyantar da mu game da suruki: ba ka haɗa tabarma da shi, ba ka cin abinci gabansa, sunansa ma ba ka kamawa. Kuma ina alfahari da na iya.

Wata rana Binta ta miƙo mini takarda daga wurinsa, Baba Yakubu ne ya rubuta masa. Roƙo ne a bar wa jama'a wurin, a sa musu bencina da famfo. Ya aiko ta hannuna ne saboda ina aiki a ofishin da ke duba irin waɗannan filaye. Abin da bai sani ba, a kan teburina akwai fayil na kewaye ƙarƙashin gadar da shingen ƙarfe a shuka furanni.

Ranar taro shugabanmu ya tambaya ko mutanen unguwa suna da wata magana. Takardar tana cikin aljihuna. Amma in na fito da ita, dole in miƙe gaban manya in karanta sunan surukina da bakina, sannan a ce na zo kare tabarmar uban matata. Sai na bar ta a aljihu. Aka zartar da maganar shingen, aka ba ni sanarwar tashi na sa hannu, aka manna ta a ginshiƙi. Da Binta ta tambaye ni, na ce ta gaya masa ana dubawa.

Ranar da masu walda suka zo, Malam da kansa ya naɗe tabarmarsa, ya sa aka kai randar masallaci. Ya koma zaure, wata takwas bayan haka Allah Ya karɓi abinsa. Ba na cewa shinge ne ya kashe shi, kwana ne ya ƙare. Amma na san wata takwas ɗin nan a kaɗaici ya yi su, kuma da hannuna a ciki.

Furannin ba su ga damina biyu ba. Babu mai ba su ruwa, wurin ya koma matattarar leda da shara. Bana aka cire shingen, aka daɓe ƙasan, aka jera bencina, ga famfo ga fitilu. Jama'a na ta yaba sabuwar dabara, ni kuwa tana nan a rubuce cikin akwatina da rubutun Baba Yakubu.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya gani. Na san ba zai ce ai na faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai dai zagaya da sandarsa ya yi ƙorafin an jera bencina duk suna kallon titi, sai ka ce tashar mota, alhali masu hira juna suke kallo. Zai taɓa famfon da tsakar rana ya ce wannan ai ruwan wanka ne. Ba a rubuta sunansa ko'ina ba, amma waɗanda suka fara mamaye wurin tsofaffin abokan zamansa ne, kuma tsakanin ginshiƙan da ya share suka nufa kai tsaye. Abin da ya bari ke nan, ya koya wa unguwa cewa wurin nata ne.

Makon jiya na kasa daurewa na faɗa wa Binta gaskiya. Sai ta ce, "Ai Baba ya sani. Tun ranar da anka manna takardar tashi, Baba Yakubu ya karanta mashi, har sunanka. Ya ce in na kuskura na nuna maka ya sani bai yahe ba. Ya ce mani, 'Mijinki kunya gare shi, in ya san na sani ba ya ƙara iya zuwa gaishe ni.'"

Wata takwas ina durƙusawa a ƙofar zaurensa kowace Juma'a, ina ce masa ana dubawa, yana ce mini Allah shi yi albarka.