Hular da Aka Tono a Hanyar Sakaba

A unguwarsu a Zuru, Baba Philemon, tsohon soja, ba ya da dukiyar da ta wuce hulunan kwano da ya jera a bangon ɗakinsa. Wata ta mahaifinsa ce, wasu na abokan da suka riga shi tafiya. Da ya kalli fentin da ke gefen hula zai faɗa maka bataliyar mai ita. Matarsa kan ce, "Da ka bar min ɗaya kaji su yi ƙwai a ciki, da ta yi amfani."

Yanzu ido ya fara gazawa, hankalinsa kuma yana kan ɗansa Arzika, shi ma soja, wanda aka tura dajin Sakaba. Tun da suka shiga, wayarsa ba ta shiga.

Ran nan da hantsi sai ga Jessica, matar Arzika, ta sauko daga babur rungume da buhu.

"Baba, wani manomi ya tono wannan hular a gona, ta hanyar Sakaba. An ce akwai jan fenti a gefe. Ni na kasa dubawa."

Hulunan su Arzika ma jan fenti gare su.

"Zauna, 'yata."

"Ba zan iya zama ba, Baba. Tasu ce?"

Ya zura hannu cikin buhun. Laka ta bushe a jikinta. Ya kai ta bakin ƙofa, ya goge da gefen riga, ya matso da ita har tana taɓa hancinsa. Ja dai ja ne. Zanen ne ya ƙi fitowa.

"Baba, yi magana mana!"

"Miƙo min cokalin can."

Ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta cika ɗakin, tamkar an buga tukunya.

"Kin ji? Ƙarfe ne zalla. Ta yaran yanzu ba ta kuka haka. Wannan sa'ata ce, ta girmi mijinki."

Jessica ta sulale ƙasa, tana dariya tana share hawaye. Baba ya laluba ƙusa ya rataye hular kusa da ta mahaifinsa, sannan ya zauna a hankali.

"To," ya ce, "sake gwada lambar tasa."