Kurman Dillali a Talabijin

Yayana mahauci ne a kasuwar Sakkwato, ni kuwa ina sayar da yadi. Amma a shekarun nan na gab da samun mulkin kai, ba da nama aka san shi ba, da wasan kwaikwayo ne. Shi ya ƙago kurman dillali, wato dillalin shanu wanda kunnensa ke toshewa in an taya da arha, ya buɗe garau in an ƙara. Ni ke fitowa a mai saye. In na ce, "Na taya," sai ya karkace hula, ya kama kunne, ya ce, "Mi kac ce? Ka taho da kaya?" Sai fili ya ɗauka da dariya.

Da la'asar muke yi, a filin makaranta. Mutanen Dundaye kan taso a kan jakuna don su gani. Wani malamin makaranta yakan zauna a gaba yana rubuta duk abin da muka faɗa, ya ce don kada ya ɓace. Mun ji daɗi. A bikin mulkin kai ma mun yi, har wani tsoho ya shaƙe da goro don dariya.

Shekaru suka ja, haƙoran yayana na gaba suka zube, talabijin ta iso gari. Sai aka aiko wai za a maimaita wasannin da, daga rubutun malamin nan, wanda ya riga ya rasu. Yayana ya sa aka wanke babbar rigarsa aka buga, muka tafi gidan talabijin tare.

Mai shirya wasan, wanda a haife mun haife shi, ya tarbe mu da fara'a, ya nuna mana wani saurayi santalele da aka ɗauko daga Kano.

"Baba, ga sabon dillalin. So muke ka nuna mai yadda kake kama kunne."

Yayana ya ce, "Ni hwa? Mi zan yi cikin wasan?"

"Ai maganarka ba ta fita sosai yanzu, Baba. Za mu sa ka cikin masu kallon ciniki."

Na ja hannunsa mu tafi. Ya ƙi. Ya ce, "Bari, ƙane. In ban gwada mishi ba, ɓata shi za ya yi." Ya wuni yana koya wa yaron, har inda ake yin shiru kafin a amsa. Ni ko kallona ba a yi ba.

A gidan wani maƙwabci muka ga wasan, cikin cunkoson yara. Yaron ya yi, ba laifi, sai dai da Kananci, kuma yana hanzari. Yara suka yi ta kyakyatawa. Yayana ya bayyana sau ɗaya, rabin kafaɗarsa, a bayan wani sa. Da sunayen 'yan wasa suka hau a ƙarshe, babu nasa.

Bayan 'yan kwanaki ina zaune a rumfarsa, wata yarinya ta zo sayen nama, ta taya da arha. Ya kama kunne, kamar yadda ya saba yi wa masu ciniki tun kafin a haifi uwarta. Ta tuntsire da dariya ta ce, "Kai, Baba! Kai ma kwaikwayon na talabijin kake? Ai bai yi kama ba."

Ya yanka mata naman, ya naɗe a takarda, ya miƙa. Daga ranar ban ƙara ganin ya yi wa kowa wasa ba, har Allah Ya karɓi abinsa. Wasan kuwa an yi ta maimaita shi duk Sallah. Ni ban ƙara kallo ba.