Hannun Da Ya Saki Igiyar Rijiya

Wata rana aka kira wasu 'yan'uwa biyu yasar tsohuwar rijiya a wani gida a unguwarmu. Sallau ne babba, shi ke shiga ciki. Ƙaninsa Tanimu shi ke tsayawa a baki.

Sana'ar nan tana da doka, jikokina. Na sama ba ya ɗauke hannu daga igiya. Tsohuwar rijiya takan tara muguwar iska, mutum ya kasa ko ihu. In na ciki ya ji numfashi na yi masa wuya, igiyar yake fizga, a jawo shi.

To shi Tanimu ya koyi wata caca a waya.

Kati ne mai lambobi, a ƙasansa wasu lambobin na juyawa. Wadda ta tsaya, in kana da ita, sai ta haska, waya ta yi kiɗa kamar ana maka guɗa. Layi ya cika, ka ci.

Ga inda sharrin yake. Sai juyinka ya ƙare saura lamba ɗaya tak, sai ta ce ka biya a ƙara maka juyi. Wa zai tashi alhali yana ganin abu na dab da shi?

Ran nan da Sallau ya shiga rijiyar, Tanimu ya fara latsa waya da hannu guda, ɗayan na kan igiya. Da wasa ya yi zafi, sai ya ɗora igiyar a cinya.

Matar gidan ce ta fito da kunu, ta ga igiya na ta karkarwa a bakin rijiya. Kafin ta ajiye kwano, igiyar ta yi shiru.

Tanimu ya leƙa ya kira yayansa.

Muryarsa ce kawai ta dawo masa.

Ya ja, ya ji nauyin mutumin da ba ya taimakon kansa. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne bakin da zai buɗe ya gaya wa tsohuwarsu. Matar ta fita da gudu tana salati, maƙwabta suka shigo suka kama igiya, aka fito da Sallau jiki duk laka, kai na lilo.

Aka yi ta fifita, ana yayyafa ruwa. Tanimu ya kasa taɓa shi.

Can sai Sallau ya yi tari.

Da hankalinsa ya dawo, ya ga wayar a yashe a ƙasa, har lokacin tana kiɗanta. Ya tambayi ƙanen ina hannunsa yake sa'ad da yake fizgar igiya.

"Yaya, saura lamba ɗaya ce."

"Ta fito?"

"Ba ta fito ba."

Sallau bai zage shi ba, bai ɗaga masa hannu ba. Har yau kwano ɗaya suke cin tuwo. Amma in zai shiga rijiya, bare yake nema ya riƙe masa igiya.

Darasi: Cacar nan ba da cin da kake yi take ɗaure ka ba, da "saura kaɗan" take ɗaure ka. Kuma ba aljihu kaɗai take sata ba, har hankalin da wani ya jingina ransa a kai. Ni tsohuwa ban yi boko mai nisa ba, amma na ga fuskar yaron nan da idona.

Ku tura wa duk wanda kuka san yana latsa abin nan, musamman mai riƙe da amanar wani. Allah Ya shirya mana zuri'a.